Rigar da Na Saƙa wa Na'urar Zuciya

Ni mace ce mai adana, kuma a da da wannan nake tinƙaho. Kofunan tangaran da aka kai ni ɗakin miji da su har yau ko ɗaya bai tsage ba. Shi ya sa ranar da likitar kamfani ta kawo na'urar nan makarantarmu, ta tambayi hedimasta wa zai riƙa kula da ita, ko juyawa bai yi ba ya nuna ni. Na gyara mayafi, na bi sauran malamai da kallo ɗaya bayan ɗaya don su san an san na kirki. Allah Ya yafe mini wannan kallon.

Makarantar firamare ce ta 'ya'yan ma'aikatan wata masaƙa a Sharada, a shekarun da wayar hannu ta fara shiga hannun talaka. Katanga ɗaya ta raba mu da ɗakin rini, kuma jiniyar kamfani ita ce agogonmu. Ni ke da aji huɗu, ni ke riƙe da akwatin taimakon gaggawa, wanda bai wuce auduga da aidin da maganin ciwon kai ba.

Saboda yarinya ɗaya aka kawo na'urar. A ajina take, siririya, mara surutu, rubutunta kamar an buga da inji. Sau biyu tana yanke jiki ta faɗi a makaranta, na biyun ma daidai lokacin da jiniya ta ɗauka ba zato. Likitar ta tara mu, malamai uku, ta yi mana bayani da Hausarta ta koyo. Ta ce zuciyar yarinyar ce wani lokaci take rikicewa, musamman in ta firgita. Wani zubin takan daidaita da kanta, wani zubin kuwa sai an ba ta wuta, kuma in ba a ba ta cikin 'yan mintoci ba, shi ke nan. Kafin a ratsa tirelolin Sharada a kai ta asibiti, an gama. Don haka masu kamfanin suka yo odar na'urar daga waje.

Ba ta fi rediyo mai kaset girma ba, launin ɗorawa, da mariƙi a sama. In ka danna ta sai ta yi magana da Turanci, ta gaya maka ka manna wasu filasta biyu masu waya a ƙirjin mutum, ita za ta duba in yana bukatar wuta ta ba shi. Yara suka sa mata suna Rediyon Malama. Likitar ta koya mana danna ƙirji a kan wani mutum-mutumin roba har hannuwanmu suka yi tsami, sannan ta juyo kaina ta kafa mini sharuɗɗa. Kada a kulle ta. Kada a cire mata batir. Kowace Litinin in duba wata 'yar fitila a kusurwarta, in tana ƙifta kore in sa alama a katin da ke rataye a jikinta. In kuwa ta fara kuka, batir ne yake ƙarewa, in sanar da asibitin kamfani a ranar.

Na ce a raina, wannan har wani aiki ne? Aka kafa ƙusa a bangon ajina aka rataye ta.

Mahaifin yarinyar makanikin injin saƙa ne. Daga Panshekara yake goyo ta a keke kullum, ya sauke ta a ƙofar aji kafin ya shiga aiki. Dogo ne, mai sanyin murya, ƙumbarsa ba ta rabuwa da baƙin mai. Tun da aka rataye na'urar ya samu wata gaisuwa ta daban. Sai ya tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya a kan keke, ya ce, "Malama, an tashi lafiya? Yaya mutuniyar tamu?" Yana nuna bango da haɓa. Ni kuma in ce, "Lafiya lau take, Malam." Sai ya ce madalla, ya tura kekensa. Bai taɓa shigowa ya duba da kansa ba. Yana ganin rashin kunya ne namiji ya kutsa ajin matar aure yana bincika mata aiki.

Ƙurar auduga a Sharada ba ta da kunya, har cikin abinci take shiga. Cikin wata guda na ga ta fara dusar da launin na'urar, raina ya ɓaci. A gidanmu ba a barin abu mai daraja tsirara. Talabijin yana da riga, keken ɗinki yana da riga, har filas ɗin shayi. Na sayo zaren ulu fari da shuɗi, na ɗauki kwarashi, cikin mako guda na saƙa mata riga mai geza, da wata fulawa a kusurwa. Ban lura ba a lokacin, amma fulawar daidai kan fitilar ta zauna. Ba komai, kowace Litinin sai in ɗaga ta in leƙa, in ga kore, in sa alama.

Har faɗa na yi a kanta. Hedimasta ya taɓa cewa a mai da ita ofishinsa, wai yara za su ɓata. Kai, ranar makarantar ta ji muryata. Na ce masa ni aka damƙa wa amana a gaban kowa, in an ga na gaza a faɗa mini a fuskata, ba a zagayo ta baya ba. Na ce in har ƙusar nan ta motsa, a nemi mai riƙe aji huɗu. Bawan Allah ya ɗaga hannu biyu ya ce, "Malama, Allah Ya ba ki haƙuri, taki ce." Na fito ina huci kamar na ci yaƙi.

Shekara biyu muka yi a haka, ana bar mini ajin yarinyar duk shekara saboda na'urar, sannan masaƙa ta fara tangal-tangal. Wuta babu, atamfar waje ta cika kasuwa da araha. Aka fara rage ma'aikata rukuni-rukuni, jiniya ta koma sau ɗaya a rana, daga baya ta yi shiru gaba ɗaya. Aka rufe asibitin kamfani, likitar ta koma ƙasarsu. Malaman nan biyu da muka koyi aikin tare suka samu wani wurin suka tafi. Makarantar dai ba ta mutu ba, iyaye da hedimasta suka riƙe ta, aka fara ɗaukar yaran unguwa. An sallami mahaifin yarinyar shi ma, ya koma gyaran janareto da injin markaɗe a Panshekara. Ba shi da sauran abin da zai kawo shi Sharada, amma kullum sai ya goyo ta, ya wuce makarantu uku da suka fi kusa da gidansa, ya sauke ta, ya tambayi mutuniyar tamu, ya juya. In an tashi ya sake dawowa.

Cikin bazara na'urar ta fara kuka. Wani ɗan ƙit ne siriri, kamar na ɗan tsako, ya yi shiru ya sake. Ina tsakiyar darasin lissafi, yara suka fara kwaikwayonta suna ƙunshe dariya. Na daka musu tsawa, na ɗaga fulawa, na ga fitilar ta koma ja.

To wa zan sanar? Asibitin da aka ce in je, kwaɗo ne a ƙofarsa. Abin da ya kamata shi ne in je wa hedimasta, in kuma tari mahaifin yarinyar washegari da safe in gaya masa. Na sani, a lokacin ma na sani. Amma da wane bakin zan shiga ofishin mutumin da na yi wa wankin babban bargo a kan wannan abin, in ce masa ga shi ya fi ƙarfina? Na ce bari in gyara abina shiru, in ya so daga baya in ba da labari.

Ranar Juma'a na zare batirin na jefa a jaka. Ba irin batirin da muka sani ba ne, wani dunƙule ne baƙi kamar sabulun wanki. Na kai shi kasuwa wajen masu kayan lantarki. Mutum uku suka jujjuya shi, na ƙarshen ya ce, "Hajiya, wannan ko a Legas sai an sha wuya, daga waje ake kawo shi." Na karɓe abina ina tsaki, kamar laifinsa ne.

A hanyar gida na tuna da Babanmu, Allah Ya jiƙansa. In batiran rediyonsa sun yi sanyi, sai ya jera su a kan rufin kwano su sha rana, da yamma ya mayar, rediyo ya ci gaba da magana har a gama labarai. Duk gidan da na sani haka ake yi. Na ce ai batir batir ne. Na ɗora shi a kan kwanon kicin, ya sha ranar Asabar da ta Lahadi, ranar bazarar Kano wadda ko ƙadangare ba ya tsayawa a cikinta.

Litinin na mayar, kukan ya ɗauke. Har guɗa na kusa yi. Na ce ka ji Turawa da tsoratarwa, ashe maganin yana kan rufin kowa. Laraba ƙit ɗin ya dawo. Na ce bai ƙoshi ba ne, na ƙara masa kwana uku cur. Da na sauko da shi na ga gefensa ya ɗan kumbura, yana wani wari kamar ƙonanniyar roba. Na saka, na danna. Ba magana, ba kuka, ba kore, ba ja. Na cire, na goge bakinsa da gefen zani, na sake sakawa, na yi bisimilla, na danna. Shiru.

Na waiga, ajin ba kowa. Sannan na ja rigar na rufe ta, na daidaita fulawar. Da Litinin ta zagayo na ɗauki biro na sa alama a kati.

Wannan alamar ta farko ita ce mai wuya. Ta biyu ba ta kai ta ba. Na riƙa gaya wa kaina cewa zan samo batir, zan tambayi mijin ƙawata da ke zuwa ƙasashen waje, zan yi kaza bayan jarrabawa, zan yi kaza bayan sallah. Ban yi ko ɗaya ba, don duk wanda zan tambaya sai na fara gaya masa abin da na aikata. Yara suka ce Rediyon Malama ya warke. Shi kuma mutumin nan kullum yana bakin ƙofa, gumi na bin wuyansa. "Yaya mutuniyar tamu?" In ce, "Lafiya lau take." Ban taɓa tsayawa na yi tunani kafin in amsa ba, bakina ne yake faɗa da kansa, kamar yadda ake amsa ina gajiya. Damina ta shigo ta fita muna haka.

Wata safiya bai tafi ba bayan gaisuwar. Ya jingine keken, ya ce yana son shawara. Yayarsa da ke aure a Zariya ta aiko a ba ta yarinyar. Gidansu kusa da babban asibiti yake, mijinta ma a can yake aikin tuƙi, in wani abu ya taso minti kaɗan an kai ta gaban likitoci. Uwar yarinyar ba ta so, ita kaɗai ce mace a ɗakinta. Ya ce, "Ni abin da ya sa nake jinkiri, a nan akwai na'ura, kuma akwai ke. A can kuwa makarantarsu ba su da ita. Yaya kika gani, Malama?"

Allah Ya buɗe mini ƙofa har bango, ni 'yasu. Kalma biyar ta isa in gaya masa gaskiya. Na kalli bango, na kalli rigar nan fara da shuɗi, na ce, "Malam, wannan shawara ai taku ce ta cikin gida." Ya ce haka ne, zai yi tunani zuwa ƙarshen zango. Ranar ban iya cin abincin rana ba, amma ban kira shi na warware ba.

Ba a kai ƙarshen zangon ba. Wata Alhamis an fita tara, tayar wata tirela ta fashe a titin bayan katanga, ƙara kamar an harba igwa. Ina gyara littattafai na ji ihun yara. Tun kafin su iso na san ko wace ce. Na fizgi na'urar daga bango har ƙusar ta fita, na ruga da ita. Ku ji fa, ina gudu ina rungume da abin da na san mushe ne, don ba zan iya isa wurin hannu rabbana a tambaye ni ina take ba.

Tana kwance a gindin darbejiya, leɓɓanta sun yi toka-toka, ba ta numfashi. Na durƙusa na yage mata gaban riga. Nan take malamai mata suka kewaye mu, suka ware mayafansu suka yi mana labule don kada maza su ga jikin yarinya. Suna riƙe da mayafai, fuskokinsu na waje suna korar yara, kowa na salati da ƙarfi. Ba wanda yake ganin abin da nake yi, ba wanda zai ji ko na'ura ta yi magana ko ba ta yi ba. Na tuɓe mata rigar ulun, na ɓare filastan, na tarar sun bushe ƙamas, gam ɗin ya mutu, ko kamawa ba sa yi. Na ɗora su haka nan. Na danna maɓalli sau uku, ina roƙon Allah Ya yi abin da ban cancanta ba. Ba abin da ya faru.

Sai na jefar da ita na haɗa hannuwa a ƙirjin yarinyar na shiga dannawa yadda likitar ta koya mana. Ina dannawa ina kuka, ina cewa a raina, na kashe 'yar mutane, na kashe ta tun bazara. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Can sai ta ja wani dogon numfashi mai ƙara, ta yi tari, ta buɗe ido tana kallona kamar wadda aka tasa daga barci. Zuciyar ce ta daidaita, ko da kanta ko da dannawar, Allah kaɗai Ya sani.

Da aka sauke mayafai, abin da jama'a suka gani shi ne yarinya a zaune, wayoyi a cinyarta, na'ura a buɗe a gefe. Wani ya yi kabbara. Hedimasta ya sa ta a motarsa zuwa asibiti, da yamma aka sallame ta. Washegari a taron safe ya kira ni gaba, ya ce da ya bi son ransa ya kulle na'urar a ofis da yau ana zaman makoki, ya nemi afuwata a gaban yara. Aka tafa mini. Wata malama da ba ma ga maciji ta rungume ni ta ce, "Ashe rediyon naki yana da rana." Na tsaya ina murmushi, ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Da hannuna na mai da ƙusar, na sa mata rigarta na rataye.

Ranar Litinin ya zo da ita. Wannan karon ya yi sallama ya shigo har cikin aji, abin da bai taɓa yi ba, da ƙunshi a hammata. Yara suna waje wajen share fili. Ya ajiye ƙunshin a teburina ya buɗe. Turmin atamfa ne na masaƙarmu, cikin na ƙarshe da aka buga kafin a rufe, wanda aka raba musu ranar sallama. Ya ce ya ajiye ne don uwar yarinyar, ita ce ta ce a kawo mini. Ya yi ta godiya. Sannan ya ce, "Na aika wa Yaya jiya. Na ce ta yi haƙuri, yarinya tana nan. Inda aka tashe ta sau ɗaya, nan zan bar ta."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na sauko da na'urar, na zare mata rigar, na ajiye a gabansa a kan atamfar. Na ce, "Malam, ba ta aiki. Ranar Alhamis ma ba ta yi ba. Tun bazara ta mutu, kuma ni na kashe ta."

Ya jawo ta gabansa. Ya danna maɓallin, ya kara kunne. Ya juya ta, ya zare batirin da yatsa biyu kamar wanda ya saba, ya shafa kumburin, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Rana aka sa shi?" Na ce e. Ya gyaɗa kai. Sai ya jawo katin, ya ɗora baƙar ƙumbarsa a kan alamomin yana bi ɗaya bayan ɗaya, tun daga bazara, har ya iso ta ƙarshe. Ta ranar ce. Da safen nan, kafin su iso, na sa ta, hannuna ne ya yi da kansa, tawadar ma ba ta gama bushewa ba.

Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga murya da na samu sauƙi, don faɗa na iya shi. Amma a hankali ya yi magana, idonsa a kan katin.

"Malama, ni fa makaniki ne. Injiniyoyin da suka riƙa kawo mana kayan gyara daga waje har yanzu ina da lambar wasu. Da kin gaya mini ranar da ta fara kuka, da na san ƙofar da zan buga." Ya ajiye katin. "Kullum sai na tambaye ki."

Ya fita bakin ƙofa ya kira 'yarsa, ya ce ta haɗa littattafanta duka. Ta shigo tana mamaki, ta kwashe su a jaka, har da ɗan guntun fensirinta na cikin loka. Da ta zo fita sai ta durƙusa a gabana, ta ce, "Malama, Umma ta ce in ƙara yi miki godiya da kika tashe ni." Na kalli mahaifinta. Bai gyara mata zancen ba, bai kuma kalle ni ba. Ya ɗora ta a bayan keke suka tafi.

A ranar na gaya wa hedimasta komai. Ya ce Allah Ya kyauta, ya sa na'urar a ƙasan kabad ɗinsa, inda ya so ya sa ta tun farko. Bayan mako biyu na ji an kai yarinyar Zariya. Daga baya wata maƙwabciyarsu ta ce mini tana nan da ranta, an yi mata aiki, amma uwar ta daɗe ba ta saba da rashinta a ɗaki ba. Ban taɓa samun ƙarfin halin zuwa Panshekara in gaishe su ba.

Atamfar a kan teburina ya bar ta. Na aika masa da ita, ya dawo da ɗan aiken, ya ce kyauta ba ta komawa. Tana nan a ƙasan akwatina, shekara da shekaru, ko ninkinta ban warware ba, launinta ko dusashewa bai yi ba. Ai na gaya muku ni mai adana ce.